Abin da Ɓarnau Ya Tono a Kwamfutata

Jama'a, ku gyara zama. Ina rubuta muku wannan ne da ɗuminsa. Masu ce mini "Auta kin fiye tsoro" a ƙarƙashin rubutu, ku karanta na yau tukuna, sannan ku gaya mini in ku ne ya za ku yi.

Saboda waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana. Aikina rubuta manhaja a wani ɗan kamfani da ke saman kantin fenti, ofishin da in ka shiga da safe warin fenti ne ke fara yi maka sannu da zuwa. Maza biyu ne a kaina, ɗaya Mama ta zaɓa, ɗaya ni na zaɓa. Na Mama shi ne Mai Shago, ɗan aminiyarta, yana sayar da wayoyi da kwamfutoci. Ba mugu ba ne, wallahi, sai dai in ya fara magana ba ya bar wa kowa wurin numfashi. Nawa kuwa Ɓarnau. A ofis muka laƙaba masa sunan, don aikinsa shi ne ya yi ta gwada abin da muka gina har sai ya karye.

Satin da ya wuce Baba ya kira ni ɗakinsa, yana goge gilashinsa da gefen riga, ya ce, "Yaron nan da kike yi wa waya dariya saboda shi, ki ce ya zo in gan shi." Aka sa yau, bayan an tashi daga aiki.

Da sassafe na goge doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, na rataye ta a bayan ƙofa tare da mayafinta, na ce da na dawo wanka kawai zan yi in zura. Mama tana kicin tana buga murafen tukwane kamar su suka yi mata laifi.

"Mama, ina kwana."

"Lafiya." Ko kallona ba ta yi ba. "Yau ne baƙon naku?"

"E, Mama."

"Naku ke da Babanki." Sai ta juyo, idonta a kan jakar da ke kafaɗata. "Ki dai tuna, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Na san abin da take nufi. Kwamfutar da ke cikin jakar nan Mai Shago ne ya ba ni. Tsohuwar tawa ce ta mutu a tsakiyar aiki, ita da dama sai na jingina mata littattafai take iya tsayuwa. Ban roƙi kowa ba. Na dawo gida na tarar da kwali a kan gadona, Mama na tsaye tana murmushi. Na ce a mayar. Ta ce, "Kyautar ɗan aminiyata za ki mayar? So kike ki sa in kasa haɗa ido da uwarsa?" Aiki ya taso ni gaba, ga kwamfuta sabuwa dal tana ƙyalli, sai na karɓa. Na goge duk abin da ke cikinta, na zuba nawa tsarin, na ce shi ke nan, na wanke ta tas. Da Ɓarnau ya gan ta ya ce, "Iye, Maigadiya an yi sabuwa. Daga ina?" na ce masa, "Daga gida." To ai a gida na tarar da ita, ko ba haka ba? Haka na dinga lallashin kaina.

Bari in yi muku bayanin aikina a taƙaice, don in ban yi ba ba za ku gane inda aka kama ni ba. Abin da muke ginawa manhaja ce mai sa kwamfuta ta yi kwaikwayon waya, yadda manhajojin waya za su yi aiki a cikinta ba su san ba a waya suke ba. Ɗan Kwaikwayo muke ce mata. To manhajojin waya akwai bin diddigi. Kafin su fara aiki sai sun buɗe wasu fayiloli masu ɗauke da bayanin na'ura: wace iri ce, wa ya ƙera ta, yaya ƙarfinta. Ni aikina in tsaya a ƙofa. Duk manhajar da ta nemi ɗaya daga cikin fayilolin nan sai in miƙa mata na bogi da na shirya, mai cewa waya ce. In wani fayil dabam ta nema, in bar ta ta wuce wajen kwamfutar gaske. Kowane fayil yana da adireshinsa, sunayen foldoji a jere da 'yar sanda a jirge tsakaninsu, kuma da adireshin nake gane wanda ake nema. Shi ya sa Ɓarnau ke ce mini Maigadiya.

Gobe za a nuna aikin ga masu saye. Injin da aka saba gwaji a kansa Manaja ya riga ya kai shi wurin nunin, sai ya ce a yi gwajin ƙarshe a kan tawa. Ban kawo komai a raina ba.

Ɓarnau ya shigo da sabon aski, wuyansa har da sauran hoda. Yana riƙe da farar riga a cikin leda daga wajen guga, ya rataye ta a bayan kujerarsa yana lallaɓawa. Ya jawo kujerar kusa da tawa.

"Maigadiya, in Baba ya tambaye ni sana'ata me zan ce? In ce ɓarna nake yi?"

"Ka ce injiniya ne kai, ka yi shiru."

"In ya ce me nake ginawa fa?"

"Ka ce 'yarsa ce ke gini, kai kana rushewa."

Ya yi dariya har da dafe ciki, amma na lura ƙafarsa na ta girgiza a ƙarƙashin tebur. Shi ma tsoro yake ji. Wallahi a lokacin nan sai na ji na ƙara son sa.

Ya jawo kwamfutar gabansa. "To, in zo in haura katangar taki?"

"Bismillah. Ka ga ko akwai wurin sa ƙafa."

Ya rubuta adireshin fayil na farko daidai yadda yake. Amsa ta fito: waya ce. Ya gwada wani, waya ce. Ya gwada wani, haka. Na jingina da kujera ina kaɗa biro, ina jin kaina. Sai ya koma na bayanin wanda ya ƙera na'ura, ya sake rubuta shi, amma a tsakiya maimakon sanda ɗaya ya sa biyu a manne.

Jama'a, a wajen kwamfuta sanda ɗaya da sanda biyu duk wuri ɗaya suke kaiwa. Na san wannan tun ina makaranta. Amma ni da na tashi rubuta mai gadina, cewa na yi ya kwatanta adireshi harafi da harafi da waɗanda na ba shi. Ya ga wannan ya ɗara da sanda ɗaya, ya ce ba ya cikin waɗanda aka ba shi, ya buɗe masa ƙofa. Kwamfutar gaske ta amsa da gaskiyarta. Sunan kamfanin da ya ƙera ta ya fito, lambarta ta fito, sai wani layi a ƙasa, wajen da aka tanada don sunan mai ita.

"Amaryata Auta. Daga angonki."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɓarnau ya karanta. Na ga leɓensa na motsi, ya sake karantawa. Ya janye hannuwansa daga kan madannai ya ɗora a cinya.

"Daga gida," ya ce a hankali. Ba tambaya ba ce.

"Wallahi tallahi ban san da rubutun nan ba. Na goge komai da ke cikinta."

"Na sani. Wannan ba a wurin ajiya yake ba, a jikin injin kansa aka rubuta shi. Masu shago suna yi saboda ɓarayi, gogewa ba ta taɓa shi." Yana yi mini bayani kamar wata baƙuwa da ta zo koyon aiki. "Ba rubutun ne ya dame ni ba."

Kafin in buɗe baki Manaja ya leƙo daga ofishinsa, da kofin shayi a hannu. "Ya ake ciki? An samu wani abu?"

Ɓarnau ya sa yatsa ya ɗan kwantar da murfin kwamfutar. "An samu kafa guda, Yallaɓai. Bayanin injin gaske na fita. Yanzu zan turo rahoto."

"A toshe ta yau. Ba na son jin kunya gobe."

Rahoton ya shigo zauren ofis na waya, kowa ya gani. Da ƙyar na iya buɗewa. Ya sa hoton allon kamar yadda doka ta ce, amma layin nan ya shafe shi da baƙi. Ya rufa mini asiri, kuma hakan ya fi mini ciwo fiye da a ce ya yi mini ihu.

Na ɗauki waya, yana zaune kusa da ni kafaɗarmu na kusan gogar juna, na rubuta masa: "Don Allah ka fito waje mu yi magana." Wayarsa ta yi ƙara. Ya kalli sunana, ya kifa ta a kan tebur.

"Ki gyara," ya ce. "Ina jira."

Na gyara, amma gyaran mai gudun kunya. Na ce duk inda sanduna suka taru a mayar da su ɗaya. Na tura masa kwamfutar. Ya rubuta adireshin ya shiga wata folda da ba ruwanta, ya sa ɗigo biyu, alamar a koma baya, ya fito, sannan ya nufi fayil ɗin. Mai gadina ya sake ganin baƙon adireshi, ya sake buɗe ƙofa.

"Amaryata Auta. Daga angonki."

Wayyo ni. Na karɓa na toshe wannan. Ya shiga cikin foldar da fayil ɗin yake ya tsaya, ya kira shi da sunansa kawai ba tare da cikakken adireshi ba. Rubutun ya sake fitowa. Na toshe. Ya ƙirƙiri wani fayil na daban wanda ba komai a cikinsa sai nuni zuwa wancan, ya buɗe shi. Ya sake fitowa. Kuma duk fitowar da zai yi sai ya karanta, tun daga farko har ƙarshe, kamar bai taɓa gani ba. Ba mugunta yake yi ba, aikinsa ke nan. Ni ce da gaggawata nake ta maimaita masa marin.

Na tashi na shiga banɗaki, na kunna famfo don kada a ji, na yi kukana. Na wanke fuska na gyara ɗankwali, na dawo na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na daina yarda da yadda aka rubuta adireshi. Duk wanda ya zo, mai gadi zai fara cika shi tun daga tushe, ya warware sanduna da ɗigo, ya bi duk wani nuni har ya ga ainihin inda ya dire, sannan ya kwatanta. In kuma ya dire a cikin foldojin bayanin na'ura a kan fayil ɗin da ban shirya wa na bogi ba, a ce masa babu, kada a bar shi ya wuce.

Ɓarnau ya yi ta gwadawa har rana ta karkata daga tagarmu. Ya bi ta nan, ya bi ta can. Waya ce, waya ce, babu, waya ce. Daga ƙarshe ya ture kwamfutar gabana.

"Ta rufu."

Ya tashi ya ɗauki farar rigarsa. Na bi shi har matakala, inda warin fenti ya fi ƙarfi.

"Mama ce ta karɓa. Na ce a mayar, ta ƙi. Ban taɓa ce masa ina son sa ba, ko da wasa."

"Na yarda."

"To mene ne?"

"Na tambaye ki, Auta." Auta ya ce, bai ce Maigadiya ba. "Da kin ce mini wane ne ya ba ni kuma ban san yadda zan yi ba, da tare za mu nemi mafita. Kullum ina zaune kusa da kwamfutar mutumin nan ina yaba kyanta. Har goge mata ƙura na taɓa yi."

Na ce, "Za ka zo?"

"Ki je gida."

A cikin motar haya na rungume jakar a ƙirji, ga ta da nauyi kamar an cika ta da duwatsu. Saƙon Yaya ya shigo, babbar yayata da ke gidan mijinta: "Ke Auta, Mama ta kira ni tana ta fara'a, ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Me take shiryawa? Ki buɗe ido." Na rubuta wa Ɓarnau: "Baba yana jiranka." Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Na tarar an share tsakar gida an yayyafa ruwa. Baba yana falo cikin rigarsa mai sitaci, da hular da ba ya sawa sai zai je wuri mai muhimmanci. Ya kashe rediyo, abin da ba ya yi ko ana cin abinci. A kan tebur an jera kofunan gilashi na cikin kabad, waɗanda in ka fasa ɗaya sai ka bar gidan. Mama kuwa ta ci ado da atamfarta shuɗiya, tana 'yar waƙa a kicin. Matar da ta tashi tana faɗa da tukwane! Nan na san akwai abin da ta shirya.

Na yi wanka na sa rigar ruwan zuma. Na zizara kwalli. Na kalli kaina a madubi, na ce Auta, yau in kika bari aka sake tono ki, kin cika wawiya. Na ɗauki kwamfutar na nufi falo, na durƙusa a gaban Baba na ajiye ta a kan darduma.

"Baba, akwai maganar da ya kamata ka ji kafin baƙo ya zo. In ma zai zo."

Na faɗa masa duka, har rubutun. Baba bai katse ni ba. Ya cire gilashi ya riƙe a hannu.

"Ni an gaya mini saya kika yi."

Na sunkuyar da kai. Ba ni na gaya masa haka ba, kuma ya san wadda ta gaya masa.

"Kayan wani na cikin gidana, da sunan ango a jiki, ni kuma na sa hula ina jiran wani." Bai ɗaga murya ba. Baba in ransa ya ɓaci muryarsa ƙasa take yi. "Kira mini mamanki."

Ba sai na kira ba, tana bakin labule. Ta shigo tana gyara ɗaurinta. "Yo mene ne a ciki? Yaro ya nuna da gaske yake. Shi wancan me ya taɓa kawowa ban da surutu a waya? Ni dai na ce wa ɗan aminiyata ya zo yau shi ma ya gaishe ka. Ka gan su duka, ido ba mudu ba amma ya san kima."

Kafin Baba ya amsa aka danna ham a ƙofar gida, dogo, irin na wanda ya san ana jiransa. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a hannuna. Ɓarnau ne: "Ina waje."

Baba ya mayar da gilashinsa. "Mutum ɗaya na ce ya zo, mutum ɗaya zan gani. Auta, ɗauki kayan nan ki fita. Wanda kika shigo da shi, shi ne baƙona."

Mama ta ce, "Haba, yanzu a gaban mutane za ka sa ta..."

"Ke kika tara mutanen."

Na ɗauki kwamfutar na fita ƙofar gida. Mai Shago yana jingine da motarsa, turarensa ya cika layin, yana juya makulli a yatsa. Can gefe, jikin katangar maƙwabta, Ɓarnau na tsaye cikin farar rigar nan, hannuwansa a baya.

"A'a, amarya da kanta!" in ji Mai Shago. "Kin ga yadda rigar nan ta karɓe ki kuwa? Dama na ce wa Mama..."

Na miƙa masa kwamfutar da hannu biyu. "Na gode da alherinka, Allah ya saka. Amma ba zan iya riƙe ta ba. Tun farko bai kamata in karɓa ba, ka yafe mini."

Karo na farko a rayuwata na ga bakinsa a buɗe ba magana. Ya kalle ni, ya kalli Ɓarnau, ya mayar da hannuwansa aljihu. "Ni ba na karɓar abin da na bayar."

Na ɗora ta a kan motar a hankali. Na ji tausayinsa, wallahi na ji, don ya sa rai kuma an ba shi dalilin sa rai. Labulen tagar kicin ya motsa. Na san Mama ta gani, na kuma san abin da ke jirana a gidan nan na tsawon watanni. Na juya na nufi Ɓarnau.

"Bismillah," na ce. "Baba yana ciki."

Ya kalle ni, idanunsa sun yi ja. "Auta, ba gaisuwar da aka shirya na zo yi ba. Dattijo ya ce in zo, bai kamata in bar shi yana jira ba. Na zo in ba shi haƙuri da bakina, in ce masa a dakata da maganarmu."

A bayana na ji an buga ƙofar mota da ƙarfi. Na matsa gefe na buɗe masa ƙofar gidanmu.

"To shigo ka faɗa masa."

Ya ɗan tsaya, sannan ya sa kai. Na bi bayansa. Daga ƙofar gidanmu zuwa falon Baba ba nisa, jama'a, 'yar tsakar gida ce da igiyar shanya. Iyakar abin da ya rage mini ke nan in canza masa magana, ga shi har ya fara cire takalmi ban samo kalma ko ɗaya ba.